Gwanin Buɗe Fishiye

"Yaya, kwamfutar ta ce fishiyen nan yana da haɗari," in ji ƙanwata Rahina.

Ni da ita muka nemi aikin kula da kwamfutoci a wani kamfanin fiton kaya nan Gaya, aka turo wa kowa fishiyen jarrabawarsa, wato fayil na kwamfuta.

Na yi dariya. "Ke dai yarinya ce. Har daga nesa ake kawo mini irin wannan."

Ta ƙi taɓa nata. Ni kuwa na cire takunkumin da kwamfutar ta sa wa nawa, na danna, ina kaɗa ƙafa.

Layi ɗaya ne a ciki: "Wannan ita ce jarrabawar. Wanda ya buɗe ya faɗi."

Ranar Litinin Rahina ta kama aiki. Ni nake kai ta a moto.