Tashar Kakansa

Da ƙyar tela ya cim ma bas ɗin, yana haki, takalmi ɗaya a hannu. Baban budurwarsa, da ya gaji da jira, ya riga shi shiga.

Don ya wanke kansa, tela ya nuna tashar da suka baro. "Baba, saboda kakana aka kafa tashar nan. Babban mutum ne."

Wata tsohuwa ta leƙo daga baya. "Kai jikansa ne? Gaskiyarka, ɗan nan. Kullum sai ya makara, ya biyo bas da gudu. Da direbobi suka gaji, suka koma tsayawa a ƙofar gidansa."

Baba ya dubi takalmin, ya girgiza kai. "Ashe gado ne."