Maginiyar da Ta Ajiye Katin Awo a Kwalla

Zauna nan, Ladidi. Tunda kin ce kati kin riga kin yanka, asibiti kuma sai ranar haihuwa, bari in ba ki misali. Ki ji da kunnen basira, don ni ban iya zagaye-zagaye ba.

An yi wata maginiyar tukwane a ƙauyenmu, mace mai hannu. Ba ta taɓa kai randa kasuwa ba sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kara kunne, in ta ji sauti ya dushe ta san akwai tsaga a ɓoye. Haihuwa biyar ta yi a ɗakinta, ko ciwon kai. Da ta samu ciki na shida, sai ta yi irin dabarar matan garinmu: ta je awo sau ɗaya tak, ta yanki kati don kada a yi mata faɗa ran haihuwa, ta dawo ta jefa shi cikin kwalla ta rufe. Malamar asibiti kuwa ta ja mata kunne, ta ce lallai ta riƙa dawowa, balle in ciki ya shiga wata bakwai. Lokacin ne yaro ke yin nauyi, yana buɗe ido, yana jin muryar uwarsa, kuma lokacin ne jini kan hau wa mace ba sallama. Ranar da aka rubuta mata ta faɗo daidai lokacin da take shirin gashin tukwane. Ga tukwane sun bushe, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ta ce awo ba ya guduwa, ruwa kuwa ba ya jira.

To, a ’yan kwanakin nan ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, zobe ya nutse a yatsa, fuska ta yi suntum. Mu matan unguwa, maimakon mu tsorata, sai muka hau yi mata barka, wai kumburin ƙafa alamar ɗa namiji ne. Wallahi har da ni a masu faɗa, ni ce ma mai babban baki. Ta ce kanta na sarawa, tana ganin wasu ’yan taurari na gilmawa, muka ce hayaƙi ne. Ta ce yaron da ke naushinta safe da yamma ya yi lakwas tun shekaranjiya, muka ce girma ya yi, wuri ya yi masa kaɗan. Ko wace ƙofa ta buɗe, sai mu rufe mata da daɗin baki.

Bayan ranar awon ta wuce, ranar gashi da hantsi, tana jera kara a kan tukwane, ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, haƙora a datse. Aka sa ta a amalanke zuwa bakin titi, daga nan aka samu mota zuwa asibiti. Ita Allah Ya yi da sauran kwana, amma yaron ya riga ya koma. Namiji ne kuwa, kamar yadda muka faɗa. Ni na karɓe shi a zane, da gashinsa luf-luf, da ’yan faratansa, har gashin ido ya fito. Malamar ba ta zage mu ba, da ma ta zage mu ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi: “Baba, wannan jinin ba yau ya hau ba. Da ta zo ranarta, da awon hannu da na fitsari mun gani, da mun san abin yi.”

Na san rai na Allah ne, Ladidi, amma Shi ya ce tashi in taimake ka. Shekara ashirin ke nan, har yau in na ga mai ciki da kumburarriyar ƙafa gabana sai ya faɗi, kuma ban daina jin kunyar matar nan ba. Jibi ranar awonki ce, ki ɗauko mayafinki, ni zan raka ki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da na sani ƙeya ce, a baya take.