Baƙin da Ba Su Tsaya a Zaure Ba

Wani dattijo ya ba ƙaninsa wannan misali, ranar da ya ji yana shirin shigar da sababbin mutane cikin sana'arsa ba tare da bincike ba, don kawai manya ne suka turo su.

Ya ce akwai wani mutum a Kaduna da yake kiwon kifin teku a falonsa, cikin babban akwatin gilashi. Garin babu teku, don haka da hannunsa yake haɗa ruwan, ya auna gishiri, ya auna ɗumi. In an ɗauke wuta kuwa, injin kifin yake fara tayarwa kafin fankar ɗakinsa. Shekaru ya yi yana wannan hidima, har murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙarƙashin teku, ya kama duwatsun ciki, yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. Kowane kifi ya san raminsa. Akwai wasu biyu, mace da namiji, masu ruwan lemo da farar ɗamara. Su ya fara saya, kuma sun saba da shi har suna cin abinci a yatsansa. Dokarsa guda ce: baƙon kifi ba ya shiga babban akwati kai tsaye. A bayan kicin ya ajiye wani ƙaramin akwati marar ado wanda yake kira zaure. Duk sabon zuwa sai ya yi makonni a nan ana duba jikinsa, domin ciwon kifi yakan daɗe a ɓoye kafin ido ya gan shi.

Ana nan sai surukinsa ya je Legas, ya ga kifaye uku shuɗaye kamar an tsamo su daga marina, ya tuna da mijin 'yarsa, ya sayo ya aiko da su cikin leda. Ya kuma aiko da saƙo cewa bayan sallar Juma'a zai biyo ya ga yadda suka zauna. Mutumin ya tsaya da ledar a hannu tsakanin falo da kicin. Matarsa ta ce ya kai su zaure kamar kowa, ai mahaifinta ba mai riƙo ba ne, in aka yi masa bayani zai gane. Shi kuwa ya hango kansa yana jan surukinsa ta gefen kwandon shara don ya nuna masa inda aka ajiye kyautarsa. Ya ɗaga ledar ya duba a haske. Fes suke, ko ɗigo babu. Sai ya kwance bakinta, ya juye su cikin babban akwati. Ran Juma'a surukin ya zo, ya dubi gilashin gwargwadon shan ruwa kofi guda, ya ce madalla, sannan ya juya yana tambayar jikokinsa.

Ba a jima ba ɗaya daga cikin shuɗayen ya fara goga jikinsa da dutse. Mutumin ya gani, ya ce wasa ne. Da safe ya ga farin ɗigo a wutsiyarsa, ƙarami kamar ƙwayar gishiri. Ɗigon ya ɓace, mutumin ya yi ajiyar zuciya. Ashe ɗigon ƙwaron cuta ne, faɗuwa ya yi cikin yashi ya hayayyafa. Da ya dawo, ya dawo wa kowa. Kifayen suka daina fitowa cin abinci, suka taru a saman ruwa suna haki. Maganin yana nan cikin kwalba a hannunsa, amma ya san in ya ɗiga shi a nan zai kashe murjanin gaba ɗaya; sai an kamo su an kai zaure. Kifi kuwa in ya ga koma, rami yake shigewa. Haka ya zura hannu har kafaɗa yana ɗaga duwatsun da suka yi shekaru ba a taɓa su ba, murjani yana karyewa a tafinsa, ruwa ya gurɓace har ba ya ganin yatsunsa. Shuɗayen suka fara mutuwa, sauran suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Macen nan mai farar ɗamara ta mutu a zaure. Namijin ya yi ta zagaya inda take kwanciya, mutumin ya miƙa masa yatsa da abinci bai ko juyo ba, shi ma ya bi ta.

Da Juma'a ta zagayo suka haɗu da surukin a ƙofar masallaci. Bayan gaisuwa tsohon ya ce, "Af, ya baƙin namu? Guda biyu ne ma ko uku?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Uku ne, Baba. Mun gode."

Nan dattijon ya dubi ƙaninsa, ya ce masa ya lura: wanda aka ji kunyarsa bai ma riƙe adadinsu ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, garin neman gira akan rasa ido.