Ranar da Na Ba Baba Umarni

Ina aji biyar Madam ta koya mana cewa Bature yana magana iri uku: ya ba da labari, ya ba da umarni, ko ya yi fata. Ta ce kowa ya gwada umarni biyar a kan wani babba a gida, ya kawo sa hannunsa. Wanda ya zo babu, bulala.

Da la'asar na tarar babu kowa a gida sai Baba, ya dawo daga kasuwar shanu, warin garke bai saki rigarsa ba. Mu kuwa ko ruwa za mu miƙa masa sai mun durƙusa.

Na durƙusa na yi bayani.

"Wato Madam ta aiko ki ki aike ni?" in ji shi. "To, bismillah."

Na faɗi na farko da Turanci, kaina a ƙasa. Ya ce in fassara.

"Wai... Baba, in ba damuwa, ko za ka ɗan miƙe?"

"Duk wannan a kalma biyu? Lallai Turanci akwai rowa."

Ya miƙe. Ya zauna. Ya rufe ƙofa, ya buɗe, ya ɗauko buta, ko murmushi bai yi ba. Sannan ya rubuta sunansa da ajami a ƙasan takardata.

Yanzu da ƙarfinsa ya ƙare, kullum ni ke cewa, "Baba, tashi ka sha magani," babu kwana-kwana, yana kuma bi. Amma har yau a durƙushe nake faɗa.