Koren Ruwa a Ƙarƙashin Motar Tela

Kai da ka ce abinci ya daina yi maka daɗi tun da abokinka ya ɗora bene, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani tela mai rufin asiri daidai gwargwado, sai dai abu ɗaya ke cin ransa: ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da hatsi, ya riga shi yin mota. Irin motar iyalin nan ce mai kujeru bakwai da ƙofar da ake ja gefe. Duk Babbar Sallah ƙanin ne ke kai tsohuwarsu ƙauye wurin danginta, tela da iyalinsa kuwa a cusa su can baya. In an isa, dangi su yi ta sa wa ƙanin albarka, shi ko a ce masa ya gajiya. Kishi yake ji tsagwaronsa, ba wani suna da za a sa wa abin. Shekara uku yana ƙulle da shi a ciki, har ya sayar da filinsa ya sayo irin motar, ta hannu, an dai sake mata fenti tana ta sheƙi. Burinsa ɗaya ne a duniya, bana a motarsa tsohuwa za ta shiga ƙauye.

Da ƙanin ya zo taya murna, ya zaga motar ya yi addu'a, sai ya durƙusa ya dangwali wani koren ruwa da ya ɗiga a ƙasa. Ya ce, "Yaya, ruwan lagireto na zuba, ina jin tiyo ne ya tsage. Kada ka hau hanya sai bakanike ya duba." Tela ya yi yaƙe, a ransa ya ce ga baƙin ciki ya fito fili. Ka san mai hassada, kowa kallon mahassadi yake yi masa. Tiyon nan kuɗinsa bai kai ɗinkin babbar riga ɗaya ba. Amma garejin unguwar yana daura da rumfar ƙanin, kuma gara masa zazzaɓin wata guda da a ga motarsa baki buɗe a can tun ba ta yi sati ba. In kuwa ya kai ta wani garejin, ai ya yarda yaro ya fi shi gaskiya ke nan. Sai ya shiga 'yan dabaru. Kullum da safe ya turo ƙofar gida, ya ɗura mata ruwan leda uku, ya watsa yashi a inda ya jiƙe. Wani ɗan tasha ya ce masa ɗanyen ƙwai na toshe yoyo, ya fasa biyu ya zuba. Leda uku ta koma biyar, ya ce ai zafin gari ne.

Ranar jajibiri ya sa tsohuwa a kujerar gaba, ya ce shi zai ja hanya, ƙanin ya biyo baya. Da farko daɗi kamar ya kashe shi. Ba su yi awa ɗaya ba allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Ga jarkar ruwa cike a bayan mota, tsayuwar minti goma sha biyar ta isa injin ya huce a ƙara masa, amma duk sanda ya ɗaga ido ya dubi madubi sai ya ga motar ƙanin, sai ƙafarsa ta ƙi taka birki. Shi kuwa ƙanin yana ganin layin ruwa a kan kwalta, ya yi ta kunna masa fitila yana danna oda. Tela ya ce wato wuce ni yake son yi a gaban uwarmu, ya ƙara wuta. Tsohuwa, da ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta tsayar da jan carbi ta ce, "Kai wannan, ba ƙauri nake ji ba?" Ya ce ciyawa ake ƙonawa a gona, alhali allura ta kwanta a kan ja.

Saura tafiyar minti goma su isa ƙauye injin ya yi wata irin ƙara, farin tururi ya turnuƙe gilashi, mota ta yi shiru. Ƙanin bai ce ai na faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa tela ciwo. Ya kama hannun tsohuwa ya mayar da ita motarsa, ya aro igiyar shanu wurin wani manomi, ya ɗaura. Haka suka shiga ƙauye da la'asar, kowa na ƙofar gida, tela riƙe da sitiyarin matacciyar mota yana jin dangi na cewa, "Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ɗauko uwa, ya jawo wansa."

Bayan Sallah aka kira bakanike ya kwance. Ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, injin ya buga, sai dai a sa wani, kuma kuɗinsa ya haura rabin abin da aka sayi motar. Tela ba shi da ko kashi ɗaya cikin goma. Nan aka tura motar gindin tsamiya, awaki suka samu inuwa, mutanen gari kuma suka yi kwana uku suna zuwa yi masa jaje kamar an yi rasuwa, yana amsawa kai a sunkuye.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.