Ɗan Manomin da Ya Shuka Ciyawa a Ingila

To, Tanimu, tunda ka zo neman shawara hannu rabbana, ba goro ba turare, kamar hankalina rijiyar masallaci ce kowa ya ɗiba ya wuce, gyara zama. Ka ce ka mayar da shagon ɗinkinka sabuwar unguwa, mutanen wurin sun ƙi irin ɗinkin da ka iya, kai kuma ka rantse ba za ka sauya hannu ba. An dai saba cin basirata kyauta a garin nan, amma bari in ba ka misali.

An yi wani ɗan manomi da ya tsani fartanya tun yana yaro. Ya yi karatu, ya haye Ingila, ya samu aiki a asibiti. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi tsohon gida a wani ƙauye, gida mai zaman kansa da bai jingina da na kowa ba, ga tumaki suna kiwo a bayan gari. Ya zuba masa gyara na zamani: sababbin wayoyin lantarki, bututun ɗumama ɗakuna, kicin kamar na otal, banɗaki kuwa kana ganin fuskarka a jikin tayil. Sai ya leƙa tsakar gida ya ga ciyawa kore shar har bakin ƙofa, furanni sun yi kaca-kaca a jikin shinge. Ransa ya ɓaci. A inda ya tashi, ciyawa a tsakar gida shaida ce ta cewa maigida rago ne, kuma masaukin maciji ce. Ya sa aka kankare ta tas, aka malala siminti daga ƙofa har shinge, wuri ya yi fes, a share da tsintsiya a shimfiɗa tabarma. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi ta tsaya tana kallo kamar an yi mata rasuwa. Shi kuwa ya ɗauka sha'awa ce, har da ɗaga mata hannu.

Ana nan sai saƙo ya zo daga gida: ƙarfin mahaifiyarsa ya ƙare, idonta ya fara dushewa, tana so ta gan shi tun tana iya gane fuska. Ba ziyara take nufi ba, dawowa take nufi. Ya yi mata alkawari. Amma komawa da iyali ba za ta yiwu ba sai an sayar da gidan, don duk abin da ya tara yana jikin bangon nan. Dillali ya kafa allo a ƙofa. Masu saye suka yi ta zuwa, su yaba kicin, su shafa tayil, su buɗe ƙofar baya su ga siminti. Sai godiya mai yawa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ya sassauta farashi, shiru. Ya ce hassada ce, matarsa ta tambaye shi wa ya san shi a ƙauyen nan har da zai yi masa hassada. Daga ƙarshe tsohuwar nan ce ta gaya masa ta saman shinge cewa ba wanda ke baro birni ya zo ƙauyensu don tayil, tayil birjik yake a birni. Abin da ya binne ƙarƙashin siminti, shi ake zuwa saye.

Wani da sai ya tsaya kare kansa, irinka. Shi bai tsaya ba. Ya ari ƙatuwar guduma, ya tuɓe kwat, ya shiga fasa simintin da yake alfahari da shi. Ruwan ƙasar nan da ba ya gajiya yana ta dukansa, hannuwan da suka manta wahala suka yi bororo suka fashe. In ya taso daga aiki, guduma. Ranar hutu, baro. Ya kwashe ɓaraguzai, ya kawo baƙar ƙasa, ya sayo ciyawa, Tanimu, ciyawa, a nannaɗe kamar darduma. Ya shimfiɗa ta, ya bi ta da taki da ban ruwa, tsohuwa ta taimaka masa da dashen furanninta. Abin da ubansa ya ƙare rayuwa yana nomewa, shi ɗan yake lallashi ya tsiro. Matarsa ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ya ce, "In hoton nan ya isa gida, sai dai ki koma ke kaɗai."

Da tsakar gidan ta yi kore, wasu mata da miji suka zo da 'ya'yansu da karensu. Yaran suka ruga suka faɗa kan ciyawa suna birgima, uban ko banɗakin bai gama dubawa ba ya ce sun saya. Ɗan manomin ya iso gida, mahaifiyarsa ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta gane shi. Da ta gama sa masa albarka, sai ta ce tun faɗuwar damina ciyawa ta cinye mata tsakar gida, ba mai nome mata. Ya karɓi fartanya, kafin la'asar wuri ya yi fes.

Da ni ya tambaya tun farko, ko bororo ɗaya da bai yi ba, amma haka mutane suke, mai basira in yana kusa ba a ganinsa. Kai dai koma shago, ka dubi abin da mutanen unguwar suke sawa, ka koya ko da allura za ta cinye maka yatsu. In kasuwa ta buɗe, ka ɗinko mini kaftani, na shadda, kada ka kawo mini yadin tuta. Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.