Ruwan Tsakar Gidan Inna

Gyara zama, Malam Tanimu. Ka shigo mini da fara'a, kana cewa an auna jinin Ladidi, kuma lambar da ta fito ita ce sak wadda ta fito maka bara, lokacin da na ce maka ƙodarka lafiya lau. Har da cewa 'yar ta gado ubanta. To, na daɗe ina duba manya da yara a asibitin nan, kuma wannan murnar taka ce ta sa zan ba ka misali kafin mu taɓa zancen magani.

An yi wani magidanci mai gida cike da jama'a: mata, 'ya'ya, ƙanne, da baƙin da suka zo kwana biyu suka shekara. Daga asuba ake kwarar da ruwa a gidan, na wanka, na wanki, na wanke-wanke, duk yana fita ta rariyar da ke gindin katanga. Komai kyan rariyar, ba a rasa ɗan ruwa kwance a bakinta, misalin faɗin faifai, kuma kowa ya saba. A bayan gidan akwai ɗan sashen mahaifiyarsa, tsohuwa ita kaɗai, ruwan da take zubarwa bai wuce na alwala da ɗaurayar kwano ɗaya ba. Da damina ta ƙarato sai ya zaga duba rariyoyi, don ya san in rariya ta toshe ruwa zai jiƙa gindin katangar ƙasa, wata rana a wayi gari ta kwanta. Ya leƙa sashen tsohuwa, ya ga ruwa kwance faɗin faifai, daidai da na gidansa. Ya yi hamdala, ya ce mata rariyarta ƙalau take, ya juya zai tafi.

Tsohuwa tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ɗan nan, mu nawa ne a nan? Ko aljanu ke zuwa yi mini wanki ban sani ba?" Nan take ya gane, kunya ta kama shi. Ya samo kara ya zura cikin rariyar, ya zaƙulo ƙwallayen mangwaro da wani silifas na autansa da aka sha nema har aka dangana. Ruwa ya wuce zuruu. Da ya dafa gindin katangar sai ya ji ta fara laushi, amma ba ta kai ga lalacewa ba. Ya sa aka yaɓe ta, damina ta zo ta wuce, katanga tana tsaye, tsohuwa kuwa ta samu abin tsokanarsa har kaka.

To, Malam, abin da muke aunawa a jini ana ce masa kiriyatinin. Datti ne da tsokar jiki ke zubarwa kullum, ƙoda kuma ita ce rariyar da ke fitar da shi. Kai ƙato ne, kana ɗaukar buhun masara kamar matashin kai, gidanka cike yake, dole a ga saura a bakin rariya. Ladidi fa? Damtsenta bai fi karan dawa ba. In aka samu nata ya kamo naka, ba gado ta yi ba, ruwa ne ya fara tsayawa. Shi ya sa ba ma karanta lambar yaro sai mun auna tsayinsa mun san shekarunsa. Kada ranka ya ɓaci, ni kam daɗi na ji da ka kawo ta yanzu tana tsalle-tsallenta, katanga ba ta jiƙe ba. Za mu sake aunawa, mu duba fitsarinta, mu nemo abin da ya tare hanya. Amma daga yau ka daina gwada ta da ma'auninka. Hausawa sun riga mu faɗa: daidai ruwa, daidai tsaki.